Zabo Mai Albarka

Duk Tudun Wada babu mai yi maka musu cewa Malam Dabo ya iya rubutu. In ya ja alif sai ka rantse da zare aka auna shi. Abin da ake musu a kai, shi ma sai a bayan idonsa, shi ne ko akwai wani abin da ya iya bayan rubutun. Kakansa malami ne na gaske, wanda ɗalibai ke takowa daga Katsina da Bauci su tare a zaurensa. Mahaifinsa ya riƙe rabin karatun. Shi kuwa Dabo ya gaji zauren da rawanin da gyaran muryar da ake yi kafin a ba da amsa, sannan ya yi aiki a ofishin ilimi har ya yi ritaya ba a taɓa kama shi yana cewa bai sani ba.

Bayan ritaya sai zaman ya yi masa yawa. Yakan shimfiɗa buzu a zaure ya jira masu tambaya, amma masu shigowa ba su wuce masu neman a ara musu tabarmar suna ba. 'Yarsa Salwa, wadda ke aikin haɗa magunguna a Kaduna, ita ta ga abin ya fara taɓa shi. Da ta zo hutu sai ta kawo masa kwamfutar nan mai kamar allo da ake kira tab, da alƙalaminta. Ta ce ya riƙa koyar da rubutun ajami kai tsaye a Fesbuk, tunda matasa sun manta shi. Ta haɗa masa komai yadda masu kallo za su ga abin da yake rubutawa, fuskarsa kuma tana can gefe a ɗan ƙaramin akwati.

Ranar da za ta koma ta ce, "Baba, saura abu ɗaya in nuna maka a saiti. Tab ɗin nan tana jin alƙalami, tana kuma jin fatar hannu. Muddin alƙalami na kan gilashi, ba ruwanta da hannu. Da ka ɗaga shi sai ta ɗan jira, sannan ta koma jin yatsa. Wannan jiran ne ake ƙarawa ko a rage. Kai kuma na ga kana kwantar da hannu in kana rubutu."

Malam Dabo ya dube ta ta saman tabarau. "Salwa, ni za a koya wa riƙon alƙalami? Tun uwarki tana goye nake feƙe alƙalamin kara."

Hajiya Tayyiba, uwar da ake magana, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Bar shi, Salwa, kar mota ta tafi ta bar ki."

Karatu ya fara, kullum bayan la'asar. Masu kallo ba su da yawa: tsofaffin abokan aiki, dangin Hajiya da ke shiga don kunya, sai wani ma'aikacin gwamnati daga Hanwa mai suna Ilyasu, wanda duk abin da Malam ya faɗa sai ya rubuta masa "Allah ya ƙara basira" a ƙasa, ko da tari ya yi. Malam yana da wata ɗabi'a. In ya zo wurin da yake so a san shi ne ke magana, sai ya ɗaga alƙalami ya riƙa kaɗa shi a gaban kyamara, hannun kuwa yana kwance a kan gilashi.

Wata Laraba ya rufe darasi da addu'a, ya rubuta ta a ƙasan shafi da kyakkyawan rubutunsa: Allah ya ba mu rabo mai albarka. Sai ya koma layin sama zai sa wasalin da ya manta, ya ɗaga alƙalami yana bayani, ɗan ƙaramin yatsansa ya sauka a kan addu'ar. Ɗigo ya fito ɓaro-ɓaro a saman harafin ra. A ajami kuwa, da ɗigo guda ra take zama za. Malam bai gani ba. Ya shafa addu'a, ya rufe, ya ce a kawo masa kunu.

Kafin magariba hoton shafin ya zaga wayoyin unguwa. Malam Dabo jikan malamai ya roƙa wa jama'a zabo mai albarka. A wurin mai shayi ana ce wa juna, "Allah ya ba ka zabonka." Wanda ya fi kowa jin daɗi shi ne Malam Gwadabe na Tudun Jukun, wanda suka yi makarantar allo tare, kuma tun lokacin ba sa ga maciji. Gwadabe ya ɗauki kansa a bidiyo yana dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ku duba da kyau, jama'a. Ko zabon ma bai rubutu daidai ba, an cinye masa alif."

Hajiya Tayyiba ce ta kai wa mijinta bidiyon. Ya kalla sau ɗaya, ya tura mata wayar.

Ta ce, "Gobe sai ka ce hannu ne ya taɓa, a wuce wurin. Wa ya fi ƙarfin kuskure?"

"A gaban Gwadabe?"

"Gwadabe ba shi ke ba ka tuwo ba."

Ya tashi ya shiga zaure ya daɗe yana kai da komo.

Washegari da ya buɗe darasi sai ya ga masu kallo sun yi yawan da bai taɓa gani ba. Duk dariya ta kawo su, ya sani. Ya gyara murya, ya sake gyarawa. Har ya buɗe baki zai faɗi abin da matarsa ta ce, sai ya hango sunan Gwadabe a cikin masu kallo. Nan take bakin ya ɗauki wata hanya.

Ya ce, "Na ji wasu yara masu furfura suna cewa mun yi kuskure. Allah sarki, ƙarancin karatu ciwo ne. Ɗigon nan da gangan muka sa shi, ishara ce. Wa ya taɓa ƙirga ɗigon da ke jikin zabo? To haka muke roƙon alheri ya zo muku, ba ya ƙirguwa. Zabo ba ya kiwo shi kaɗai, sai cikin 'yan uwansa, wannan zumunci ke nan. In ya ga maciji ya yi kururuwa ya faɗakar da gida, wannan amana ke nan. Alif ɗin da muka cire kuma, mun cire shi ne don a gane mai zurfin karatu da mai ƙirga haruffa. Mun kuwa gane."

Shi kansa ya yi mamakin yadda maganar ta riƙa zuba. Ilyasu ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa jikinsa ya yi sanyi. Wani ya ce tun jiya ya ji a ransa akwai wani abu a ƙarƙashi. Wata ta ce ta yi mafarkin zabi a makon da ya wuce. Waɗanda suka zo dariya suka fara jin kunyar dariyarsu, domin babu mai so a sa shi cikin masu ƙirga haruffa.

Ranar Juma'a Ilyasu ya zo gaisuwa da kansa, rungume da zabo, ƙafafu a ɗaure. Ya durƙusa a bakin buzu ya ce, "Allah gafarta Malam, mun fahimci ishara." Ya ɗauki hoto ya sa a Fesbuk. Daga nan hanya ta buɗe. Mai neman ƙarin girma a ofis ya kawo zabo. Mai jiran sakamakon jarrabawa ya kawo. Mai takarar kansila ya aiko da keji guda. Wata tsohuwa, Inna Fatsuma, ta taho tun daga Dutsen Abba a adaidaita da zabuwarta mai ɗan ɗingishi, wadda ta ce ita kaɗai ta rage mata, kuma tana ƙwai. Ɗanta ne ya gama karatu yana zaune babu aiki. Malam ya karɓa, ya yi addu'a, ya ce a shiga da ita ciki.

Cikin kuwa shi ne tsakar gidan Hajiya Tayyiba. Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da zabi ya san ba su da ranar hutu. Tun asuba suke farawa, in ɗaya ya yi shiru ɗaya ya karɓa. Suka cinye mata zogalen da ta shuka a bayan ɗaki, suka hau igiyar shanya, suka mayar da bakin rijiya abin da ba ya faɗuwa. Ta soya, ta yi farfesu, ta aika wa dangi har dangi suka fara cewa likita ya hana su. Daga baya sai Malam ya lura zabin ba sa ƙaruwa duk da ana ta kawowa, ya kuma lura Kailani mai kaji, wanda ya dawo da kejinsa bakin layinsu, yana yawan bi ta ƙofar baya. Bai tambaya ba. Akwai zabon da ya tabbata ya yi masa addu'a fiye da sau ɗaya a hannun mutane daban-daban, amma ya ga ba aikinsa ba ne tuna fuskar tsuntsu.

Matsalar ita ce yatsan bai daina aikinsa ba. Wata rana ya rubuta wa wani attajiri mai arziki, ɗigo ya mayar da shi mai azziki. Wannan da sauƙi, ya ce Sakkwatanci ya yi don girmama magabata. Wata rana kuma ya rubuta Allah ya rufa mana asiri, aka wayi gari da Allah ya zufa mana asiri. Sai da ya kwashe darasi guda yana bayanin cewa rufin asiri ba ya samuwa sai da zufa, kuma shi kansa zufar yake yi. Ilyasu, wanda yanzu ya zama shugaban wata ƙungiya ta masu bibiyar darasi, ya ware mutane musamman masu farautar ɗigo. Da an rufe darasi sai su buɗa shafin su bi shi layi-layi. Har kashin ƙuda da ya faɗa wa gilashi sun taɓa kawowa a fassara musu.

Malam ya fara ramewa. Ya gwada rubutu hannu a sama kamar mai tsoron wuta, rubutun ya lalace, alif ya koma kamar ƙugiya. Ya gwada naɗe yatsan da ƙyalle, masu kallo suka tambayi ma'anar ƙyallen. A ƙarshe ya kira Salwa, bayan ya tabbata Hajiya ta shiga maƙwabta.

Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi zafin Kaduna, sannan ya ce, "Af, wani abokina ne ya sayi irin tab ɗin nan. Wai tasa tana yi masa ɗige-ɗige."

Salwa ta ce, "Abokin naka shi ma ajami yake koyarwa, Baba?"

"Ke dai faɗa mini abin da zan gaya masa."

"To, ka ce masa ya shiga saiti, ya nemi wurin alƙalami. Zai ga wani layi mai ɗan ƙulli a tsakiya. In ya ja ƙullin dama, tab za ta ƙara jira bayan an ɗaga alƙalami kafin ta ji yatsa. Amma kaɗan zai ja, Baba. In ya kai shi ƙarshe, zai riƙa danna abu da yatsa tana yi masa kunnen ƙashi, musamman in alƙalamin na kusa da gilashi."

"Zan faɗa masa."

"Ka gaishe shi. Ka ce masa Hajiya ta ce zabin sun ishe ta."

Ya kashe wayar. Ya nemo layin, ya ga ƙullin. Ya ja shi kaɗan, ya tsaya yana kallo. Kaɗan ɗin nan bai kwanta masa ba. A ganinsa kaɗan na masu ƙaramin ciwo ne, shi kuwa nasa ya yi watanni. Ya tura ƙullin har sai da ya bugi bango. Ya gwada: ya rubuta ra, ya ɗaga alƙalami, ya kwantar da hannu gaba ɗaya, ya murza. Ko alamar ɗigo babu. Ya yi ajiyar zuciyar da rabonsa da irinta tun kafin zabon farko.

Darasin yammacin nan ya tafi sumul. Ya kaɗa alƙalami son ransa, shafi fes. Da ya gama ya shafa addu'a, ya danna wurin rufewa da yatsa, alƙalami na maƙale a hannun, ya kife tab a kan buzu kamar yadda ya saba. Ya cire rawani, ya sosa ƙeya da hannu biyu, ya yi hamma mai sauti.

Hajiya Tayyiba ta leƙo da kwanon kunu. A bayanta zabi na ta ɓaɓatu.

Ta ce, "Yau kamar da fara'a."

"Na kashe maganar ɗigo, Hajiya. Na shiga saitin na gyara da kaina."

"Da kanka, ko da Salwa? To da tun ranar farko ka ce yatsanka ne, da yanzu ina da zogale."

"Yatsana ne mana, wa ya ce ba shi ba ne? Amma ke kin ga mutanen nan? Ni fa tsoro suke ba ni. Na faɗi magana don in rufe bakin Gwadabe, suka ɗauke ta suka gina mata bene. Wallahi in na ce musu gobe ishara ta koma kan jaki, jakunan nan jakuna za su kawo."

"Kar ka soma. Kailani ba ya sayen jaki."

Malam ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi. "Wai shi Kailanin nan, har yanzu su yake mayarwa bakin layi ya sayar musu?"

"To da wa zai sayar wa? Wancan mai farin fiffiken ya san hanyar gidan nan fiye da kai. In an sake shi da kansa zai dawo."

"Shi kuma Ilyasu, mutum da digiri, in ya durƙusa a gabana sai in rasa inda zan sa idona. Ɗazu cewa ya yi..."

Bai ƙarasa ba aka banko ƙofar zaure. Ilyasun ne, ko sallama babu, hula a hannu, waya a ɗaya hannun, yana haki kamar an biyo shi. Ashe yana kan hanyarsa ta zuwa gaisuwa yana sauraro a mota. Daga wayar tasa Malam ya ji wata murya da ya sani tana cewa "in rasa inda zan sa idona".

"Allah gafarta Malam, ba a rufe ba! Ana ji!"

Malam ya fizgo tab ya juyo ta. Fuskarsa ce ta tare shi a ɗan akwatin, kai babu rawani, kunu a gemu, sharhi na gudu a gefe kamar tururuwa. Ya zari alƙalami daga kan buzu ba tare da ya san dalili ba, ya riƙa danna wurin rufewa da yatsa. Tab ta yi biris. Ya danna, ya danna, ya haɗa da zagi. Hajiya ce ta matso ta zare alƙalamin daga hannunsa, ta ajiye can gefe, ta ɗan jira, sannan ta taɓa wurin sau ɗaya. Gilashi ya yi baƙi. Ta ɗauki kwanon kunun ta koma ciki.

Ilyasu ya tsaya yana murza hularsa. Can ya ce a gafarce shi, ya fita.

Malam Dabo ya daina fita. Ko masallaci sai ya bari an tayar sannan ya lallaɓa sahun baya. Gwadabe ya saki sabon bidiyo, wannan karon bai ma yi magana ba, muryar Malam kawai ya sa yana shan shayi yana gyaɗa kai. Kailani ya kwashe kejinsa ya ɓace daga layin. Salwa ta kira, uban ya ce a ce yana barci.

Ana cikin haka wata safiya aka yi sallama a zaure. Ya ɗauka masu zagi ne, ya leƙa ta jikin ƙofa, sai ya ga Inna Fatsuma ta Dutsen Abba, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, takalmanta a gefe. Dole ya fito.

"Inna, sannu da zuwa. Ya gajiyar hanya?"

"Lafiya lau, Malam. Ɗana ne ya kunna mini na ji. Ni ce ɗaya daga cikin jakunan. Na zo karɓar zabuwata."

Ya gyara murya. Ya jira maganar ta zubo kamar yadda ta saba, ba ta zo ba. Ya ce, "Inna, ai maganar tana da fuska biyu..."

"Ni mai fuska ɗaya na kawo, mai ɗingishi a ƙafar hagu."

Ya shiga ciki. Hajiya ta ce mai ɗingishin tun makon da aka kawo ta aka yi farfesunta, shi ma ya sha, har ya nemi ƙari. Ta kamo manya biyu ta ɗaure, ta fito da su da kanta ta ajiye a gaban tsohuwar, ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Inna Fatsuma ta ɗaga su ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce duka maza ne, ba za su yi mata ƙwai ba. Ta ɗauki ɗaya, ta bar ɗaya, ta ce ita guda ta kawo. Ta sa takalmanta ta tafi, ba ta ce a yi addu'a ba. Malam ya daɗe a tsaye a ƙofar zaure. Ranar bai ci abincin rana ba, kuma da Hajiya ta ji shi yana cewa wataƙila ya kamata ya fito ya nemi gafarar jama'a, ta ɗauka da gaske yake, domin a lokacin da gaske yake.

Da yamma sai ga Ilyasu da tawaga, sun sha manyan kaya. Malam ya zauna a kan buzu ya sunkuyar da kai, ya shirya karɓar abin da ya shuka.

Ilyasu ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, mun zo neman afuwa."

Malam ya ɗago.

"Da farko mun girgiza, ba za mu ɓoye ba. Ni kaina ban runtsa ba. Amma da muka zauna muka yi nazari sai muka gane jarrabawa ce. Malam ya bar abin a buɗe da gangan don ya tace na gaske daga masu bin iska. Ai mutumin da ya san sirrin ɗigo ba zai kasa rufe tab ba."

Wani daga baya ya ce, "Kuma ko da yatsa ne, shi yatsan wa ya motsa shi? Me ya sa bai sauka a wani harafin ba sai ra?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani dattijo mai gyaran agogo ya ƙara da cewa shi maganar jaki ce ta fi ratsa shi, domin jaki dabba ce mai haƙuri da ɗaukar nauyi, kuma bai taɓa jin an yaba wa almajiran ilimi da kalma mai zurfi haka ba.

Malam Dabo ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Manyan mutane ne, masu iyali, wasu da motoci a waje. Kowannensu ya sa hotonsa da zabo a Fesbuk, ya yi faɗa da surukinsa ko abokin aikinsa a kan ɗigon nan. Ya gane ba shi suka zo wankewa ba. Neman gafarar da ya shirya tana nan a bakinsa, sai dai ya ga babu wanda ya zo karɓarta. Ya miƙa hannu ya jawo rawani ya fara naɗawa a hankali.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na ɗauka za ku fi haka daɗewa kafin ku gane."

Darasi ya dawo. Wasu sun tafi ba su dawo ba, amma waɗanda suka rage sun fi da zafi, ga kuma sababbi da rigimar ta jawo. Kailani ya dawo da kejinsa, ya ɗan matsa gaba kaɗan saboda kunya. Sai dai shafi ya zama fes kullum, babu ɗigo ko na magani. Masu farauta su bi layi-layi su tashi hannu rabbana. Ajami zalla kuwa, yadda ake haɗa ba da ta, bai taɓa tara mutane ba. Masu kallo suka fara zarewa. A sharhi aka fara tambaya ko Malam fushi yake yi har yanzu. Ilyasu ya zo ya same shi a keɓe ya ce jama'a na cewa karatu ya yi lami, ko akwai laifin da ba a yafe musu ba, tunda an ɗauke musu ishara.

Malam ya ce zai duba.

Bayan azahar, gida ya yi shiru in ban da zabi, ya zauna a zaure ya shiga saiti, ya nemo layin. Ƙullin na nan manne a bangon dama inda ya bar shi. Ya sa yatsa ya jawo shi baya, ya wuce inda Salwa ta ce, ya wuce tsakiya inda yake tun asali, ya ƙara kaɗan. Ya buɗe farin shafi ya rubuta ra, ya ɗaga alƙalami, ya sauke ɗan yatsa. Ɗigo ya fito. Ya goge ya sake gwadawa, yana koyon saukar da shi inda yake so.

Bai ji shigowar Hajiya Tayyiba ba sai da inuwarta ta faɗo kan gilashin. Ta tsaya tana kallon hannunsa. Ya ƙi ɗagowa.

Can ta ce, "Tunda yanzu kai ke zaɓa, ka nemo kalmar da za ta zama shinkafa ko man gyaɗa. In kuma wani abu mai numfashi ya sake shigo mini gida, a zauren nan zai kwana tare da kai."

Ta juya ta tafi. Malam Dabo ya jawo tab kusa, ya fara bin kalmomin da ke da ra a ransa, yana gwada kowace da ɗigo, domin la'asar ta kusa kuma bai shirya darasi ba.